Hulda Mai Wankin Asibiti da Gawo Tara na Bangi

Kafin zakara ya yi cara ta biyu, Hulda ta riga ta share ƙofar ɗakinta. Sharar ba ta ɗaukar lokaci, don ɗakin ba shi da lungun da datti zai ɓuya. Gadon ice ɗaya ne, tabarma biyu, randa, tukunyar tuwo da ta miya, sai akwatin ƙarfe da ta zo da shi gidan aure. A cikin akwatin zane huɗu ne: biyu na aiki, ɗaya na majami'a, ɗaya na biki da makoki. Ta kan hura wuta da kara uku ko huɗu cikin murhun lakar da ta gina da hannunta, ta dama kunu, ta yi addu'arta, ta rataya jakar tsumma a kafaɗa ta kama hanyar asibitin mishan. Haka ta yi shekara talatin da huɗu. A watan da ya wuce ta aje aiki, ba ganga, ba jawabin manya, sai waƙa biyu da abokan aikinta suka yi mata a ƙarƙashin itace. Shi ya sa ya dace a tsaya a faɗi ko wace ce ita, tun tana da kunnen ji.

Aikinta wanki ne da ɗinki. Zannuwan gadon marasa lafiya, rigunan likitoci, ƙyallayen ɗakin haihuwa, duk ta hannunta suke bi. Kun san zanen gado a tsakiya yake fara mutuwa, inda bayan mutum yake gugarsa. To, Hulda ba ta jira ya yage. Da ta ɗaga shi a rana ta ga haske yana ratsa tsakiyar, sai ta raba shi biyu, ta haɗa gefe da gefe ta ɗinke, tsohuwar tsakiya ta koma baki. In ya sake gajiya, ta yanka rigunan matashi. In su ma sun gaji, ta fitar da inda ke da sauran ƙarfi ta dafa shi ya zama ƙyallen naɗe jariri. Daga nan tsumman goge daɓe. Abin da ya rage bayan wannan, ta tufke shi igiya. Ma'aikatan asibitin har suna tsokanar juna, in suka ga wani da tsohuwar riga sai su ce, “Kada ka bi ta wajen Hulda, za ta yi matashi da kai.”

Ruwan ɗauraya na ƙarshe ma ba ta yarda ya tafi a banza ba. Tun shekarunta na fari ta ja 'yar hanya da hauya daga wurin wanki zuwa bayan katanga, ta dasa dogon yaro a jere, ta ɗaure kowanne da igiyar tsummanta kada iska ta karya shi. Wanda ya je yau zai ga masu jinya kwance a inuwarsu, Buzaye da Fulani da mutanen ƙauyukan Adar, wasu suna dafa shayi, wasu suna jiran labarin nasu. Ba ko ɗaya cikinsu da ya san wa ya dasa.

A kasuwa kuwa, Tasi'u mai albasa da tumatir shi ne shaida. Ya ce shekara ashirin yana ƙoƙarin saka mata kaya a leda, bai taɓa cin nasara ba. Ta kan miƙo ƙwaryarta, shi kuma ya ce, “Inna Hulda, ledar kyauta ce hwa!”

Ta ce, “Na sani, Tasi'u. Akuyar da za ta haɗiye ta ce ba ta sani ba.”

“Yo ke kaɗai za ki gyara duniya?”

“A'a. Tumatir naz zaka saye. Zuba.”

Ba za a ɓoye ba, mutane sun ba ta suna. Marowaciya suke ce mata, a bayan idonta da gaban idonta. Mace mai albashi, ta ƙi sayen zanen yayi, ta ƙi canza kwano, ko kujerar roba babu a gidanta. Amma matan da suka zo jinya daga nesa, guzurinsu ya ƙare, su sun san ƙofar da ake dama fura da rana a miƙo musu ba tare da an tambaye su daga ina suke ba. Da aka taɓa tambayarta dalilin wannan zama nata, cewa ta yi, duk abin da mutum ya aje a ɗaki, daga wani wuri aka ɗebo shi, kuma wani wuri za a je a zubar da shi, ita kuwa ba ta son ta yawaita ramuka biyun nan. Iyakar wa'azinta ke nan. Ba ta taɓa shiga gidan wata ta ce mata rage kayanki ba.

Ke ce, Hulda, wadda ba ta taɓa jefar da abin da ke da sauran rai ba. Sai dai duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da abin da ya same ki shekara shida da suka wuce, kuma shi ne ya kamata jama'a su ji.

Hulda tana da ɗiya ɗaya, Matta, ita ce 'yar fari, ita ce kuma kaɗai ta rayu. Saboda kunyar 'yar fari, Hulda ba ta kiran sunanta, sai dai “ke wagga”. Uban yarinyar, Yoshuwa, ya rasu bayan doguwar jinya, ya bar gona a Bangi, garinsu na asali. A gonar akwai gawo tara. Shi ya bar su tun suna toho, yana sassabe yana kewaye su, maƙwabta suna yi masa dariya wai yana noman ƙaya. Bayan rasuwarsa, maƙwabciyarsu ta gona, Mubaraka, ita ma mijinta ya rasu, ta ci gaba da noma gonar, in an yi girbi a raba.

Matta ta ida lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, ta haɗu da Yahuza, mushe ne, wato malamin makaranta, da ke koyarwa a Buza. Suka so juna, iyaye suka yarda, aka sa biki bayan Ista. To, a nan magana ta tashi.

Ai kun san yadda muke. Tun yarinya tana rarrafe uwa take fara sayen kwano tana turawa ƙarƙashin gado. Yau tasa, gobe kula, jibi faranti. Ranar jere a fito da su a tsara tun daga ƙasa har rufi, a sa armuwar, wato kabad mai gilashi, a cika ta da kwanukan da ba wanda zai taɓa cin tuwo a ciki. Washegarin kai amarya, matan dangin ango su zo ganin ɗaki, kuma abin da suka gani ranar nan shi za a riƙa faɗa har amaryar ta yi jika. Hulda kuwa ba ta taɓa tura ko murfi ƙarƙashin gado ba. Abin da ta samu ya tafi jinyar miji da karatun ɗiya, kuma gaskiya ita ce, ko da ya rage ba za ta saya ba.

Wata biyu kafin biki, Gwaggo Elizabet, yayar marigayi Yoshuwa, ta zo duba kaya. Ta shiga ɗaki, ta durƙusa da ƙyar, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana leƙe.

“Hulda, ko idona ne?”

“Ba idonki ba ne, Yaya. Babu komi nan.”

“To ina kika aje su?”

Hulda ta lissafa mata abin da ta tanada: gado da katifa, tukunya uku masu kauri, kwano shida, turmi, randa, keken ɗinki, da lulluɓin gado da take ɗinkawa da hannu.

Gwaggo Elizabet ta zauna daɓas a ƙasa. “Kwano shida. Ɗiyar ƙanena, mai takardar lakwal, za ta shiga Buza da kwano shida kamar wadda gobara ta kora! Ke in ba ki jin kunya, mu muna ji. Gidanmu ba a taɓa yi muna wagga ba.”

Bayan kwana uku ta dawo da wani mutum, Barmo, mai kamyon, wato babbar motar da ke kai ice Madawa wurin masu burodi da masu gashin nama. Ya gaishe da Hulda da ladabi, ya ce ya san gonar, ya san itatuwan, kuma abin da zai bayar ya isa armuwar da cikinta har da ragi.

Hulda ta ce, “Ai ba a yarda a sare gawo ɗanye ba.”

Barmo ya yi murmushi. “Wa yac ce ɗanye, Inna? A tara kara a gindi, a sa wuta, a bari ta ci ɓawon a hankali. Kahin damina ya bushe a tsaye. Busasshen ice kuwa ba mai tambaya. Ni zan ba da nawa tun yanzu, in kwashe daga baya.”

“Sha ruwa, Barmo,” in ji Hulda. “Ka gaida gida.”

Ta ɗauka magana ta ƙare. Ashe Matta tana bayan zana tana ji. Da baƙi suka tafi, yarinyar ta fito, idonta jawur. Ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

“Inna, ke kika zaɓi zamanki, kuma ban taɓa cewa komi ba. Ina lakwal ana ce mini ɗiyar marowaciya, na haɗiye. Amma ranar ganin ɗaki kina nan gida. Ni za a buɗe a kalla. Ni zan zauna cikin matan nan har in mutu. Kin taɓa tambayata ko zan iya?”

Abokan aikin Hulda sun ce a makon nan ta ɗinke hannun rigar likita a rufe, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gane yarinyar ta fi ta gaskiya a wuri ɗaya. Shekara ashirin da biyar tana ɗauke da sunan da ta zaɓa, ba ta lura ta ɗora rabinsa a kan wadda ba ta zaɓa ba.

Ranar kasuwar Bangi ta ce, “Ke wagga, ɗauko mayahinki.” Suka shiga motar kasuwa.

Lokacin bazara ne, ƙasa ta yi fari fat, ko'ina ka duba babu kore sai gawon nan tara, don shi da rani yake ganye. A ƙarƙashin babban cikinsu suka tarar da Mubaraka a sunkuye, tana tsintar 'ya'yan gawo tana zubawa a buhu, awakinta biyar suna biye da ita suna ƙwace na hannunta. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya. Sai Hulda ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin ashana, ta miƙa wa ɗiyarta.

“Gonar ubanki ce, ba tawa ba. Itatuwan naki ne. Na yi kuskure da na amsa wa Barmo ban tambaye ki ba. Ga kara nan, ga ashana. In kin sa, ni zan tahi in kira shi da kaina, kuma ba za ki taɓa jin maganar a bakina ba.”

Wasu da suka ji labarin sun ce wayo ne na tsofaffi. Mubaraka da ke wurin ta ce ba wayo ba ne, don da idonta ta ga Hulda ta juya baya kada ta ga an sa wutar.

Matta ta dubi Mubaraka. “Inna Mubaraka, kin ji abin da ake ciki?”

“Na ji tun shekaranjiya, ɗiyata. Barmo ya zaka ya auna su da igiya.” Ta ɗaure bakin buhunta. “Abinku ne. Aure kuwa ba wasa ba ne, na aurar da uku, na san zahin bakin mata. In an ƙone, an ƙone. Ku dai bari in ida tsince 'ya'yan bana, don su awakin ga ke ci har ruwa ya sauka, nonon kuma shi jikokina ke sha.”

Ba ta roƙi kowa ba. Ta koma ta sunkuya.

Matta ta tsaya da ashana a hannu. Ta dubi ƙasa, ta ga kututturan geron bara: a ƙarƙashin itatuwan kauri gare su kamar hannun yaro, suna tsaye kusa da juna, can fili kuwa sirara ne jefi-jefi. Ta taka har gindin na ƙarshe ta dawo. Sannan ta je ta saka kwalin a hannun Mubaraka.

“Inna, ki hura wuta da ita ki dama muna kunu. Yunwa nike ji.”

Kada ku ɗauka shi ke nan an yi dariya an rungumi juna. A mota, da za su koma, Matta ta juya fuska ga taga tana share hawaye. Ta ce, “Ban sa wutar ba, Inna, amma tsoron yana nan. Mi zan ce musu?”

Hulda ta ce, “Ba ke za ki ce ba.”

Aka ɗaura aure a majami'a, aka kai amarya Buza. Gwaggo Elizabet ta ce ƙafarta ba za ta taka jeren kwano shida ba, kuma ba ta taka ba. Uwar amarya kuwa, kowa ya sani, gida take zama. Ba ta rakiya, ba ta jere, ba ta ganin ɗaki, balle uwar 'yar fari, wadda ko sunan ɗiyar ba ta iya faɗa. Amma da gari ya waye ranar ganin ɗaki, Hulda ta ɗaura zanenta na biki, ta naɗe tabarma, ta shiga motar farko. Kafin matan dangin ango su taru, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakin amarya ta zauna. Duk mai shiga sai ta bi ta gabanta.

Matan suka fara zuwa, suna guɗa daga zaure. Ta farko ta leƙa ɗaki, ta katse guɗar. Amarya tana zaune a gado cikin lulluɓi, ɗakin fes, bango a fili.

“Ikon Allah. Ɓarayi sun riga mu?”

Wata ta ce, “A'a, kayan suna hanya. Jakin ne ya gaji.”

Aka kwashe da dariya. Sai ta uku ta lura da tsohuwar da ke zaune. “Baiwar Allah, ke kuma wa?”

“Ni ce uwar amarya.”

Wata ta kama baki. “Uwa? A ƙohwar ɗaki? Yau mun ga abin da ba mu taɓa gani ba.”

“Kun gani,” in ji Hulda. “Kayan ba su hanya, iyakarsu ke nan. Ni na hana. Yarinya ba ta da laihi, dangin ubanta ba su da laihi. Duk mai magana ta aje ta nan gabana, ga ni zaune, kada ta shiga da ita ciki.”

Suka kuwa aje. Ba a rage mata komai ba. Wata ta ce albashin shekara talatin a rami take binne shi. Wata ta ce ko marainiya an fi yi mata haka. Wata ta tambaya ko kwanukan shida aro ne, a mayar bayan biki. Hulda tana zaune, hannunta a kan gwiwa, kowace ta faɗi tata sai ta ce, “Na ji.” Gumi yana bin wuyanta. Wadda ta san Hulda ta san ba zagin ne ya fi ci mata rai ba. Zaman ne, a gaban surukai, a inda uwa ba ta zama.

Ana cikin haka aka ji motsi a ɗaki. Amarya, wadda aka sani da sunkuyar da kai da rufe baki ranar nan, ta sauko daga gado. Ta yaye lulluɓin zuwa kafaɗa, ta fito, ta zauna a tabarmar, kafaɗarta tana taɓa ta uwarta.

“Ke wagga, koma ciki,” in ji Hulda ƙasa-ƙasa.

Matta ba ta koma ba. Ta yi magana, kowa ya ji. “Iyayena, ku yi haƙuri. Innata ta hwaɗi abin da ba haka ba don ta kare ni. An ba ni zaɓi, in ƙone itatuwan ubana a cika ɗakin ga, ko in bar su. A hannuna aka sa ashana. Ni na ƙi. In akwai sauran magana, a raba muna biyu.”

A daidai nan uwar ango, Inna Lahadi, ta iso tana dogara sanda. Aka buɗa mata hanya, kowa yana jiran abin da za ta ce, don ita bakinta ba ya da murfi. Ta wuce su ta shiga ɗaki. Aka ji ta ƙwanƙwasa tukunya. Aka ji ta murza keken ɗinki. Ta daɗe a wajen gado tana bin ɗinkin lulluɓin da yatsa. Sannan ta fito ta tsaya a kansu.

“Wane irin itace?”

“Gawo, Inna. Tara.”

“Manya?”

“Mutum biyu ba su kewaye babban da hannu.”

Inna Lahadi ta ce, “Nawa kwanukan suna nan tun aurena, shekara arba'in da wani abu. Ban taɓa cin tuwo a ciki ba. Ɓeraye dai sun haihu a ciki, sun yi jikoki.” Ta taɓa Hulda da sanda. “Matsa mini, ƙahwata ta gaji. Amma ki sani, abin da kika yi yau ba kyau, uwa ba ta zama nan.”

“Na sani.”

“To, tunda kin sani.” Ta zauna. Ta ɗaga kai ta dubi sauran matan. “Wadda ta ida kallo ta tahi wajen tuwo, yana hucewa.”

Ba za a ce daga ranar bakin mutane ya mutu ba. Har yau a Buza akwai masu cewa “amaryar kwano shida”. Gwaggo Elizabet ta yi shekara guda ba ta amsa gaisuwar Hulda ba, sai da Matta ta haihu aka haɗu wurin suna, ta karɓi jaririyar, ta ce hancin na gidansu ne, aka wuce wurin. Waɗanda suka bi sawu ba su da yawa: gida biyu a majami'a, da jikar Mubaraka da aka aurar bara, wadda ta ce a ba ta tunkiya biyu a maimakon armuwar. Gawon tara suna tsaye. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, abin da aka samu a gonar daga ƙarƙashinsu aka same shi, kuma gida uku suka ci.

Hulda, ke ce kika nuna muna ana iya zama da kaɗan ba don babu ba. Ke ce kuma kika nuna abin da ya fi wannan wuya, wato mutum ya gane inda gaskiyarsa ta danne wani, ya je ya ɗauke nauyin da kansa. Ba ki ce ɗiyarki ta sha kunya don itace ba. Kin je kin zauna inda kunyar za ta sauka. Mun gode. Masu kwana a inuwar dogon yaro sun gode, ko da ba su san sunanki ba. Jariran da aka naɗe cikin ƙyallayenki, wasunsu yau su ke tuƙa motocin da kike shiga, su ma sun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idonki haske, ya bar ki da jikokinki.

Ku kuma 'yan uwana mata, ba a ce ku zubar da kayanku ba, ba a ce a kai ɗiya ɗaki hannu wofi ba. Amma kafin ki tura kwano na arba'in ƙarƙashin gado, ki tsaya ki tambayi kanki wa zai ci abinci a ciki, kuma mi za a sare ko a sayar kafin a cika ɗakin. In kin je ganin ɗakin ɗiyar wata kika tarar da bango a fili, ki riƙe harshenki, ki sa albarka ki fito. Yawancin itatuwan da aka ƙone don biki, tsoron bakinmu ne ya ƙone su. Maza kuma, mai gona ya bar toho ya girma, mai kasuwa ya daina cusa wa mutane leda.

Matta ce ta zo da kanta ta ce a rubuta wannan, ta ce a sa har da kukan da ta yi a mota, kada a rage. Ta ce ita za ta kawo miki, Hulda, ta zauna ta karanta miki da bakinta. Mun san halinki, Hulda, takardar nan ba za ta kwana biyu ba za ki naɗe allura ko irin kuɓewa a ciki. Ba komi, naɗe. Ki dai bari yarinyar ta kai ƙarshe tukuna.